Karen da Ba Ya Bin Zomo

Ƙanwata, na ji kukan da kike yi da ɗan farinki. Wai ƙannensa duk sun bazama birni neman na kansu, shi kuwa ga shi nan da gemunsa a gida, nauyin jiki kamar an dasa shi. To ga misali, ki sa a karanta miki har ƙarshe kafin ki sake yi masa gori.

An yi wani mafarauci mai son a ce ya fi kowa. Wani direban babbar mota ya zo masa da kare daga wata ƙasa mai nisa, irin da ba a taɓa gani ba a yankin. Kai kamar turmi, ƙirji kamar na ɗan maraƙi, leɓe ya zubo yana dalala. In ya yi haushi sau ɗaya sai ka ji shi har cikin hanjinka. Mafarauci ya ba da rago sukutum ya karɓe shi, ya bi gari yana cika baki, wai bana ko gada ɗaya ba za ta rage a daji ba. Rani ya yi, aka buga gangar farauta, aka fita. Zomo ya tashi, karnukan gida 'yan sirara suka rufa masa baya kamar kibiya. Shi kuwa gogan ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya bi zomo da kallo, ya dawo gindin ubangidansa ya zauna yana haki. 'Yan farauta suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani abokin wasansa ya ce, "Ashe hakimi ka sayo mana! Sai ka nemo masa mai fifita." Sau uku ana fita, sau uku haka. Ga ci kuma, tuwon karnuka uku ba ya isarsa. Mafarauci ya ƙudura zai kai shi daji ya baro shi can.

A ƙauyen akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya tal a gindin dutse. A dutsen nan garken gwaggon biri ke zaune. Shekara biyu tana shuka masara suna girbe mata, har dangin mijin suka ce in bana ma haka ne, su za su karɓi gonar, tunda ta kasa riƙe ta. Ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Ta aro karnukan farauta, amma biran nan sun fi su wayo. Sai biyu su fito gefen gona suna tsalle, karnuka su bi su har cikin dutse, sauran garken su zagayo ta baya su yi ta karya. Da labarin karen mafarauci ya iso mata, kowa dariya yake, ita kuwa abu ɗaya ta ji: akwai karen da ba ya bi.

Ta yafa mayafi ta je, ko kallon karen ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, na ji kana neman inda za ka sauke kaya. Me za ka ba ni in ɗauke maka?" Ya ce shi fa, rago ya bayar. Ta ce, "Rago ai an cinye shi, maganar tuwon gobe muke yi." Ta taya da zakara ɗaya, ya ce albarka. Ta juya za ta tafi, bai bari ta kai bakin zaure ba ya sallama. Har igiyar wuyan karen sai da ta sa aka haɗa mata.

Ta ciyar da shi da ƙanzo da dusa har ruwa ya sauka. Kullum da safe ta zagaya iyakar gonar da shi, sannan ta zaunar da shi a inuwar wata ɗorawa da ke tsakiya. Masara ta yi goyo. Ran nan da hantsi birai suka sauko, biyu suka fito suna tsallen nan nasu. Kare ya ɗaga kai ya dube su, ya mayar ya kwantar. Suka yi, suka gaji. Babban namijinsu ya ga haka, ya shigo ta baya da kansa. Nan kare ya miƙe. Haushi ɗaya, ya kai masa ƙirji, biri ya wuntsila ya tashi da ɗingishi, garke ya watse. Suka ƙara gwadawa kwana biyu, suka haƙura. A kakar nan sai da ta ƙara rumbu, dangin miji suka zo ganin masara suka koma suka bar mata gonarta. Mafarauci ma ya zo, da zakaru biyu a hannu, wai a mayar masa da karensa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Albarka."

To ƙanwata, masu gudu kin samu, Allah ya ba su sa'a. Amma bara da katangarki ta faɗi tsakiyar damina, wa ya kwaɓa ƙasa? Da kika kwanta ciwo, wa kika buɗe ido kika gani? Ki daina aika shi bin zomo. Ki damƙa masa gona da gida, ki zuba ido ki ga abin da Allah zai yi. Ai Hausawa sun gama magana: kowa da ranarsa, mai ido ɗaya ya leƙa buta.