Safar da Ba Ta Fita Ba

Na'urar auna gubar nukiliya na yin ƙara a shingen fita daga Chernobyl, sai soja ya zaro safar jariri daga jakar wata mai ciki.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, wannan ba za ta fita ba."

Mahaifiyarta, wadda ta ƙi barin ƙauyensu tun bayan fashewar tashar nukiliyar yankin, ita ta saƙa ta da gashin tunkiyarta.

Da 'yar ta haihu, tsohuwar ta kira waya. "Ta yi masa daidai?"

"Cif-cif, Mama. Yanzu haka tana ƙafarsa."

"Madalla," in ji tsohuwar.

Bayan shekara 'yar ta koma ƙauyen jana'izar tsohuwar. Tana naɗe shimfiɗar marigayiyar, sai ga safar a ƙarƙashin matashi.

Maƙwabciya ta ce, "Ai tun a ranar, sojan ya maido mata da ita."