Alkamar Surukin Umma

Ranar da Umma ta karɓe fadamarta daga hannun Fannami, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Ƙanin marigayi mijinta ne, shi ke noma mata ita tun rasuwar yayansa, su raba abin da Allah ya bayar. Ya tsaya a tsakar gida, taɓo har gwiwa.

"Matar Yaya, wa za ki ba?"

"Wanda ya san noma," in ji ta. "Bara ka ce tsuntsu ya cinye, bana ka ce ruwa ya cinye. Ni kullum labari nake ci."

Fannami bai yi musu ba, ya sa takalminsa ya fita.

Wanda ya san noman shi ne Zaharaddeen, mijin 'yarta Mardiyya, ma'aikacin ofis. Umma ba ta taɓa jin zancen gona daga bakinsa ba, ai suruki ne. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita ta kau da kai tana kallon bango, ta ce an gode, ya tashi. Ko sunansa ba ta faɗa. Mardiyya ce mai kawo labarin wata gona da yake nomawa, ita ma tsinta take yi in yana waya da abokinsa Abdulwahid. Ba ta tambayarsa, don Umma da kanta ta koya mata cewa mace ba ta bin diddigin miji.

Labarin kuwa mai daɗi. Gonar ba saya ya yi ba, wata-wata yake biya. An ji shi yana cewa wawa ne ke saye, da ɗan abin da za ka biya a wata sai a buɗe maka ko'ina. Har tarakta ya samu. Da damina, da kogi ya fasa jinga, mazan Haɗeja suka yi ta jidar buhunan yashi har kafaɗa ta saɓule, shi ko ɗigo bai shiga tasa ba. Tsuntsun jan-baki ya share shinkafar mutane, bai san hanyar gonarsa ba. Kukansa ɗaya ne, wuta. In an ɗauke, aiki ya tsaya.

"Kin ji manomin zamani," Umma ta gaya wa maƙwabciyarta. "Da lantarki yake ban-ruwa. Ba irin injin Fannami mai tarin fuka ba."

Shaddar Zaharaddeen ba ta taɓa sanin taɓo ba. Da yamma yake tafiya gonar bayan ya tashi ofis, ya dawo ido jawur, wuya a sage. Umma ta aika masa da man zafi, bawan Allah.

Ta aiki Mardiyya ta gaya masa an ba shi fadama. Ya aiko da godiya, ya ce bari ya gama da waccan tukuna. Wa zai iya ce wa surukarsa a'a?

Rani ya shigo. Maƙwabta suka shuka alkama, fadamar Umma ta shuka ciyawar kacala da kanta. Buhun shinkafarta na ƙarshe ya soma durƙusawa. Mutane suka fara magana, ta ce 'yan baƙin ciki ne. Shekararta duka ta rataya a kan ranar da yaron nan zai gama girbinsa ya waiwayo tata.

Sai ga Mardiyya wata safiya, mayafi a karkace.

"Umma, albashi bai shigo ba, wata kuma ya ƙare. Na ji ya ce gobe za su rufe masa gonar, ga alkama ta nuna bai girbe ba. Jiya ko tuwo bai ci ba."

"Su rufe? Da amfanin a ciki? Kafirai ne?"

Umma ta sha ɗamara. Ta juye sauran shinkafar nan a tukunya, don ba a kiran gayya da yunwa. Ta bi gida-gida ta tara maza. Ta haɗiye girman kai ta je har ƙofar Fannami, wanda tuni ya kama noman wani a Jahun, hutu kawai ya zo.

Ya ɗauko laujensa yana murmushi. "Mu je, matar Yaya. Ni ma in koyi noma kafin in mutu."

Mardiyya ta buga wa mijin waya, ba ta gaya masa komai ba, ta dai ce yana ina. Ya ce yana wajen Abdulwahid, hanyar Kirikasamma, jikin gidan mai, yana ta fama ko zai kwashe kafin a rufe.

Keke Napep uku suka cika, da lauje, da buhuna, da tukunya a cinyar Umma. Ba su ma fita gari ba masu keken suka tsaya. Ba fili, ba ko kara ɗaya, sai jerin shaguna da janareta yana ta ɓaɓatu. Umma ta ce hanyar ta baya ce, ku sauko.

Abdulwahid ya leƙo daga wani shago, ya ga maza da lauje, ya ja da baya.

"Umma, lafiya?"

"Girbi muka zo. Nuna mana gonar mijin Mardiyya."

Ya dubi buhunan, ya dubi tukunyar, ya dubi Fannami da ke gwada kaifin lauje da babban yatsa. Sai kawai ya ɗaga labule.

Ga Zaharaddeen nan a kujerar roba, ƙaton gardi da gemunsa, ya toshe kunnuwa da wani abu kamar marfin kwano, yatsu na ta rawa. Ga alkamar kuwa ta nuna iya ganinka, ga tarakta na tafe tana yanka, duk a cikin gilashin kwamfutar wasa da faɗinta bai kai faifai ba.