Ƙullin Goro Biyar Kafin Kogi Ya Kawo

Tasi'u, ajiye takardar nan da ka rubuto wai a sayo maka babbar na'ura. Na duba aikinka sarai. Duk wanda ya buɗe shafin nan naka, sai manhajar da ke bayansa ta tambayo wurare biyar a intanet kafin ta nuna masa komai, kai kuma ka tsara ta ba ta tura tambaya ta biyu sai amsar ta farko ta dawo. Haba, ina mutane za su iya wannan jira? Rufewa suke yi su tafi. Jawo kujera in ba ka misali.

Wani manomi ne a bakin kogi, yana da fadamar shinkafa, ita ce cin gidansa na shekara. Shinkafa ta nuna ke nan sai masunta suka ce masa ruwan kogi na nan tafe, in ya daɗe kwana uku. Ba makawa sai gayya. A ƙasarsu kuwa ba a kiran gayya da saƙon kan hanya: sai an kai ƙullin goro zauren mai unguwa, an ba shi hannu da hannu, ya faɗi mutum nawa zai turo. Unguwanni biyar ne. Shi kuwa mutumin ƙaƙƙarfa ne, ya yi dambe da ƙuruciyarsa, ya ce wa zai aika da ya fi shi sauri? Ya zuba goro a aljihu ya kama hanya. Tafiya kam ya yi ta, ba a ƙwace masa ba. Amma a unguwar farko ya tarar mai unguwa ya tafi jana'iza, ya zauna har azahar. A ta biyu aka ce yana kasuwa, sai yamma. Ƙarfin nan duk a kan tabarmar zaure ya ƙare. Ranar da ya dawo da amsa ta biyar, da kwalekwale aka zaga da shi gonarsa. Shekarar nan gidan sun sha wuya, har awakin matarsa sai da suka ƙare.

Shekara ta zagayo, masunta suka sake kawo irin wannan labari. Ya miƙa hannu zai ɗebi goro, matar ta dafe faifan goron. Ta ce wallahi ba za ta sake kallon abincin 'ya'yanta a ƙarƙashin ruwa ba. Ta ƙulla ƙulli biyar. Ɗaya ta ba wani tsoho mai dogara sanda, ɗaya wanzami, ɗaya wani gurgu mai jaki, ɗaya ƙanen mijin, na ƙarshe ta danƙa wa mijin kansa, yana ta hura hanci. Ana idar da asuba suka watse tare, kowa da unguwarsa. Sharaɗi ɗaya ta kafa musu: duk wanda rana ta take tsaka bai ga mai unguwa ba, ya juyo. Ita ma ba ta naɗe hannu ba, ta jiƙa gero ta haɗa wuta. Mai jaki ne ya fara dawowa, ɗan damben nan na uku. Ba ta damu da wa ya riga wa ba, wanda ya iso ta ji mutum nawa za su zo, ta ƙara tsaki a tukunya. Huɗu suka kawo amsa, wanzami ya dawo da goronsa. Ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ba ta sake aikawa ba. Washegari lauje arba'in suka shiga fadama. Dami na ƙarshe, ruwa na dukan ƙwaurin mutane aka fito da shi.

To Tasi'u, na'urarka ba rauni gare ta ba, zaman jira take yi. Tambayoyin nan biyar babu wadda ke buƙatar amsar 'yar'uwarta. Ka sake su lokaci guda, ka yanka wa kowace wa'adi, abin da ya iso ka nuna wa mutane. Tashi, yau nake son ganin aikin nan. Ai tun kafin a haifi kakanka Hausawa suka faɗa: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.