Direban da Ya Ci Yaƙin Gada

Ka taɓa ganin abokin gaba mai haƙuri, wanda zai ɗaga takobi a kanka, ya tsaya cak, ya jira ka gama tunani kafin ya sara? Ni na gani, amma a cikin wasan na'ura kaɗai. Tun da na gama jami'a nake ta gaya wa mutane cewa akwai ilimi a irin waɗannan wasanni, har ina da shirin ƙirƙiro namu na gida, da mahaya da 'yan baka da ganuwa. To kafin ka ce yaron nan boko ya juya masa kai, saurari wannan misali.

An yi wani direba da yake lodi a wata tasha. Lokacin yana saurayi akwai wani wasan yaƙi da yake bugawa a shagon unguwarsu, a wata na'ura mai nauyi da aka ɗaure da talabijin da wayar lantarki. Wasan kamar dara yake: fili ne gida-gida, ka matsa da mayaƙanka ɗaya bayan ɗaya, sannan abokan gaba su matsa da nasu. Kuma mayaƙin da ya mutu ya mutu ke nan, ba ya dawowa. A ciki akwai wata gada da ya kasa hayewa, don duk dabarar da ya yi sai an kashe masa wani ɗan baka da yake ji da shi kamar ƙaninsa. Sau da yawa yana tsakiyar lissafi sai a ɗauke wuta, ya fito yana tsaki, ya tafi neman abinci. Shago ya rufe, saurayi ya yi gemu, ya yi iyali, amma gadar nan tana nan a ransa kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.

Kwatsam sai ga wasan ya dawo, shi ɗin dai, da kiɗansa da gadarsa, amma a cikin wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai batir, tana shiga aljihun riga. Direba ya saya. Yanzu babu waya, babu mai shago, babu ɗaukewar wuta da za ta kore shi. Ita kuwa tasha tana da dokarta: mota bayan mota ake lodi, ɗan kamasho zai kira ka, in ba ka amsa ba a mai da kai ƙarshen layi. Ya riga ya rasa layinsa har mai motar da yake tuƙa wa ya rantse cewa in an ƙara, zai karɓi makullinsa.

Ranar jajiberin sallah tasha ta cika maƙil, kowa na son ya kwana a garinsu. Direba ya duba ya ga akwai motoci a gabansa, ya ce bari ya ɗan taɓa. Ya kwantar da kujerarsa, ya ɗora ƙafa a kan sitiyari, sai ga shi a bakin gada. Mahayan abokan gaba sun ja daga a ƙetare, ba mai motsi, suna jiran sa. In ya tura ɗan baka gaba, mashi ne. In ya bar shi a baya, za a zagayo masa. Ya ciji leɓe, ya shiga ƙirga gidaje da yatsa.

Layi ya zo kansa. Ɗan kamasho ya kira, direba ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya ɗago kai ba. Wata tsohuwa da ta riga ta zauna a baya da kajinta ta gaji, ta ce, "Ɗan nan, mu kam a nan za mu yi idi?" Ta sauka da kajin, sauran fasinja suka bi ta. Ɗan kamasho ya buga bodi ya ce, "Oga, sallar bana muke nufi, ba ta baɗi ba!" Direba ya ci gaba da ƙirga gidajensa. Sai direbobi suka haɗu, ɗaya ya zura hannu ta taga ya cire giya, ya riƙe sitiyari ta gefen ƙafar gogan, suka turo motar a hankali har ƙarshen layi, kusa da masu faci, yana ciki yana lissafi. Shi da ya ji motsi ma ya ɗauka daɗin wasa ne ke lilo da shi.

Can sai dabara ta faɗo masa. Ya tare bakin gadar da mai garkuwa, ɗan baka ya harba daga bayansa, sarkin mahaya ya faɗi. "Mun haye!" Ya daka tsalle har ya bugi rufin mota. Da ya ɗago, tasha wayam, sai ɓawon rake da awaki. A bakin taga kuma ga mai mota tsaye, ya miƙo tafin hannu. Direba, da murna ba ta sake shi ba, ya ɗora masa na'urar ya ce, "Alhaji, duba, ko mutum ɗaya ban rasa ba." Alhaji ya ce, "Ma sha Allah. Makulli."

Ka ga, wasan ba shi da laifi, ni ma ina bugawa. Da can wayar nan ce take ɗaure shi a shago, da aka tsinke ta sai ya biyo mutum har wurin neman abincinsa. Mahayan cikinsa za su jira ka har baɗi, ko gumi ba za su yi ba, amma ɗan kamasho ba zai jira ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Don haka, ɗan'uwa, in akwai irin wannan na'ura a aljihunka, don Allah ɗago kai yanzu ka duba ko ba a fara tura motarka ba.