Maƙoƙon da Ya Sauka Ƙirjin Lalla Tuda

Lalla Tuda, wato Uwargida Tuda, ita kaɗai ta rage a gidanta, can ƙauyensu na kan duwatsun Atlas. Miji ya rasu, ɗanta Yidir yana aikin gini a birnin Kasablanka. Ba ta karatu, ba ta rubutu, saboda haka duk Juma'a yake kiran ta a waya, ta yi ta zuba har shayinta ya huce. Wannan hirar ce ke riƙe da ita.

Tun tana amarya take da maƙoƙo, kamar mata da yawa a ƙauyen, kuma ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Sarƙar murjani take ɗorawa ta rufe shi. Da ya ƙara girma, wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta je babban asibiti a Marrakesh. Tuda ta ce to, ta wuce kasuwa wajen mai magani, ya yi mata lalas a wuya da ƙarfen da ya gasa a wuta.

A hankali kumburin ya ragu. Maƙwabciyarta Ijja ta dube ta ta tafa hannu.

"Tuda, ina ƙullutun naki? Wuya ya koma na 'yan mata! Ko miji za mu nema miki?"

"Ke dai bari," in ji Tuda, "wuta ta cinye shi."

Wuta ba ta ci komai ba, jama'a. Maƙoƙon gangarawa ya yi bayan ƙashin ƙirji, inda babu filin girma sai dai ya matse hanyar numfashi.

Lomar burodi ta fara tsaya mata. In ta ɗaga hannuwa sama wajen saƙar darduma, fuskarta ta cika ta yi duhu. Ta ce tsufa ne. Wata Juma'a Yidir ya ce, "Inna, wane irin fito nake ji in kin ja numfashi?"

"Butar shayi ce, ɗan nan. Ka ci abinci kuwa?"

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi gaban masaƙa, Ijja ce ta tsince ta.

Yidir ya zo ya kai Tuda asibiti, likita ya nuna masa hoton ƙirjin, sannan ya juyo gare ta. "Lalla, da kin zo yana wuya, da ɗan yanka ne a nan. Yanzu sai mun tsaga ƙashin ƙirji. Ya kuma daɗe yana danne jijiyar murya. Numfashi za mu ceto, murya kam ba na alkawari."

An yi tiyata, an ciro shi, ta rayu. Amma muryar ba ta dawo ba, sai ɗan raɗa da ko kusa da kunne da ƙyar ake ji.

Yidir ya koma bakin aiki, ita ta koma kan dutse. Har yanzu yana kira duk Juma'a.

"Inna, in lafiya kike, ƙwanƙwasa min."

Ta buga zobenta a jikin kofin shayi. Yidir ya ɗan yi kame-kame, don da ma ita ce mai labari, shi saurare ne nasa. Ya yi sallama. Tuda ta zauna da waya a hannu, bakinta cike da labarin mako guda, ba mai ji. Abin da ban tausayi, wallahi.

Mai karatu, maƙoƙo ciwo ne, kuma raguwarsa a wuya ba shaidar warkewa ba ce. In haɗiya ko numfashi ko murya ta canza, a garzaya asibiti tun aikin yana ƙarami.