Mai Riƙe wa Ikilima Tsoro

Tun da aka kafa dokar, ba a barin yaro ya shiga aji da tsoro. A bakin ƙofar makaranta ake sauke masa, wani babba ya riƙe har a tashi.

Wata uku Goggo Dije na riƙe wa Ikilima nata, yau ta ce zuciyarta ta gaji. Dole Sa'adatu, uwar yarinyar, ta bar ɗinki ta zo da kanta.

"Hajiya, ɗora hannunki kan farantin nan," in ji mai gadi. "Ke kuma yarinya, bar kukan, kawo naki hannun."

Farantin ya yi ɗumi. Ikilima ta saki zanen uwarta, ta shige ko waiwaye babu.

Sa'adatu ta tsaya jira. Aka kaɗa ƙararrawa, ba ta ji komai ba. Wani malami ya daka tsawa, shiru. Ta ja tsaki. "To me take tsoro, fisabilillahi?"

Tana komawa gida ta hau keken ɗinki, tarin nan da take cewa ba komai ba ne ya taso mata. Nan take tsoron da take riƙe wa Ikilima ya rufe ta, kamar ranar da aka fita da gawar baban Ikilima.

Ta tashi daga kan keken. Sannan ta yafa mayafi, ta nufi asibiti.