Sulken Ɗiban Zuma

Kai da kake rawar jiki a kan tsarin da ka gano a ƙasar wasu, zauna ka ji yadda wani maƙeri ya yi a garinmu. Akwai wata kuka a bayan kasuwa mai kogo cike da zuma, ƙudajenta ba sa ɗaukar raini, har mai gari ya ce duk wanda ya ɗebo ta shi ne Sarkin Zuma. Maƙerin nan kuwa yana son sarautar kamar ransa. Ana haka, wani tsohon malamin makaranta ya riƙa zuwa maƙera da littafin baraden Sifaniya da aka juya zuwa Turanci, yana karantawa yana mayar musu da shi Hausa. Ran da ya buɗe shafin da aka zana barde bisa doki, ƙarfe tun daga kai har ƙafa, maƙeri ya yi jifa da guduma don murna. Wanda takobi bai huda ba, ƙudan zuma ne zai huda shi? Kwana tara yana dukan tsohon duro, ya ƙera kwalkwali da sulke daidai da zanen, ko ƙusa ɗaya bai rage ba.

Ranar kasuwa da tsakar rana, don ya ji barade ba sa kai hari a ɓoye, ya fito yana ƙwaram-ƙwaram, gari ya ɗauka. Makaɗa suka rufa masa baya, mata na guɗa, ni kaina barin ciniki na yi na bi. Wani tsoho ya miƙa masa busasshen kashin shanu don ya yi hayaki, ya ture. "Baba, adana kayanka, yau ranar ƙarfe ce." Ya hau kukar, ƙudaje na faɗa wa sulke kamar ƙanƙara a kan kwano, shi kuwa sai dariya. Abin da bai lura da shi ba, barden littafin a kan sirdi yake zaune. Sirdi ne ya kare masa tsakanin cinyoyi, mai zane bai zana komai a wurin ba, maƙeri ma bai ƙera ba. Yana buɗa ƙafa zai haye reshe, ƙudajen suka sami ƙofa. Ga harbi a ciki, ga ƙarfe ya hana shi ko susa. Haka ya sulmiyo ƙasa, sai da aka ɓalle ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Wata guda yana tafiya a tale kamar ɗan shayi, kafin ya warke tsohon nan mai hayaki ya ɗebe zuma, an naɗa masa rawani.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kayan aro ba ya rufe katara.